Koya Wa Inuwa Gaisuwa

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Ni kuwa da za a bi ta tawa, da sai a ƙara da cewa a tambayi gwiwa, a tambayi kafaɗa, a tambayi tafin hannu, domin Bahaushe da jikinsa duka yake magana. Kafin yaro ya buɗe baki ya ce "ina kwana", dattijon da ke zaune a dakali ya riga ya gama karanta tarbiyyar gidansu daga yadda ya rage tafiya, da inda ya tuɓe takalmi, da yadda ya kai gwiwarsa ƙasa. Wannan magana ta jiki ita nake son mu tattauna a wannan fitowa, saboda ina ganin ta fara yi mana ƙaranci a littattafanmu. Abin da ya tado mini da ita kuwa wani aikin kwamfuta ne da aka jawo ni ciki, ni da ko buga rubutuna sai an taya ni.

Ni mazaunin Palladan ne a nan Zariya, kan hanyar Sakkwato, tsakanin Kwangila da Samaru. Duk wanda ya san unguwarmu ya san ta da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama wadda aka kafa a 1964. Ƙananan jiragen ɗalibai kullum suna shawagi a kanmu, har mun daina ɗaga kai. A kwalejin akwai wata na'ura mai kama da gaban jirgi, tana nan kafe a ƙasa, amma idan ɗalibi ya shiga sai ya ga filin sauka da gajimare da hadari a gabansa, ya yi ta tashi yana sauka ba tare da ya bar ɗakin ba. Wani Ba'amurke mai suna Edwin Link ne ya ƙera irinta ta farko da ta yi suna, a 1929. Saboda haka mu mutanen Palladan, zancen duniyar da ido ke gani alhali babu ita, ba baƙon zance ba ne a wurinmu.

Abin da ya canza shi ne na'urar ta ƙanƙance, ta koma wani babban tabarau da ake ɗaurawa a fuska, da 'yan sanduna biyu da ake riƙewa a hannu. Kamfanin Facebook ya sayi Oculus, masu ƙera irin wannan tabarau, a 2014 kan kuɗi kimanin dala biliyan 2, sannan a 2021 ya sauya wa kansa suna zuwa Meta. Idan ka ɗaura tabaran sai ka tsinci kanka a wani wuri da aka zana, wanda ni nake kira duniyar gizo, tunda ta yanar gizo ake shigarta, kuma halinta da na Gizon tatsuniya ba su da nisa. A can kowa yana da surar da ke tsaya masa, wadda mutane ke gani a madadinsa. Turawa na ce mata abata, kalmar da suka aro daga Sanskirit, tsohon harshen Indiya, kuma littafin Snow Crash na Neal Stephenson da ya fito a 1992 ya taimaka wajen yaɗa ta. Ni dai inuwa nake ce mata, domin inda ka juya nan take juyawa.

Ɗan ƙanwata, wanda ke karatu a Jami'ar Ahmadu Bello kuma yake zaune a gidanmu saboda kusancinmu da Samaru, shi ne ya shigo mana da wannan abu, aro daga wurin abokinsa. Shi da wasu samari, wani a Kano, wani a Maraɗi, wani a Kumasi, wasu kuma suna karatu a Malesiya da Ingila, sukan haɗu daren Asabar a wani dandali mai suna VRChat, wanda aka buɗe wa jama'a sosai a 2017. Ɗaya daga cikinsu ya zana musu zaure na ƙasa, da azara da tabarmi da buta a gefe, nan suke hirarsu da Hausa. To sai wani tsohon malaminsu, dattijo da ke koyarwa a ƙasar waje, ya amsa zai ziyarce su. Daga nan hankalinsu ya tashi. Yaya za a yi babba ya shigo zaure, yara suna tsaye ƙerere a kansa?

Tambayar ba ta wasa ba ce, kuma ga dalili. Tabaran nan wuri 3 kawai ya sani a jikin mutum, wato kai da hannaye biyu. Sauran jiki kwamfuta ce ke cankarsa da lissafi. Wannan ne ya sa lokacin da Meta ya buɗe nasa dandalin, Horizon Worlds, a 2021, inuwoyin mutane daga ƙugu suka tsaya, ba su da ƙafafu, sai a Oktoban 2022 shugaban kamfanin ya sanar cewa ƙafafu na nan tafe. Ga wanda gaisuwarsa ɗaga hannu ce, rashin ƙafa ƙaramin abu ne. Mu kuwa da rabin ladabinmu a gwiwa yake, ai an kai mu inda ba mu da bakin magana.

Hannun ma da nasa zancen. A VRChat siffofin hannu 8 ne na asali, cikinsu har da dunƙulallen hannu, da buɗaɗɗen tafi, da nuni da yatsa, da ɗaga babban yatsa. Ku duba mini da idon Bahaushe. Dunƙulallen hannu idan an ɗaga shi jinjina ce, wannan mun gode. Nuna babba da yatsa rashin kunya ne. Buɗaɗɗen tafi kuwa, yatsu biyar a ware an tura su gaban mutum, kowa ya san sunansa daƙuwa. Ba laifin kowa ba ne, domin kowane magini da ƙasar garinsu yake kwaɓi. Abin yabawa ma shi ne sun bar ƙofa a buɗe: duk wanda ya ga abin da aka tanada bai ishe shi ba, yana iya ƙera nasa motsin ya ɗora wa inuwarsa.

Wata ranar Lahadi yaron ya same ni da kwamfutarsa ya ce, "Kawu, kai marubuci ne. Don Allah faɗa mini yadda mutum ke durƙusawa." Na ce masa ai durƙusawa yake yi. Ya yi dariya ya ce, "Kawu, ita wannan ba ta jin haka. Wace ƙafa ce ke fara tafiya? Ina hannu yake lokacin? Ido fa, ina yake kallo?"

Sai ya nuna mini yadda abin yake. A cikin kowace inuwa akwai ƙwarangwal da ba a gani. Manhajar Unity, wadda da ita ake shirya inuwoyin VRChat, tana buƙatar ƙasusuwa aƙalla 15 kafin ta yarda cewa wannan surar mutum ce. Shi kuma motsin a Blender yake ƙera shi, wata manhaja ta kyauta da aka sakar wa kowa tun 2002. Kamar dai silima, sakan ɗaya hotuna 24 ne jere. Mai aikin ba ya zana su duka. Yakan zaɓi wasu wurare ya kafa abin da muka raɗa wa suna turke: a hoto na 1 mutum na tsaye, a na 12 ya rusuna, a na 30 gwiwa ta taɓa ƙasa. Tsakanin turke da turke kwamfuta ce ke cikewa. Akwai kuma wani rumbu mai suna Mixamo, mallakar kamfanin Adobe tun 2015, inda ake samun motsi fiye da dubu da aka ɗauko daga jikin mutane na gaske. Mun leƙa ciki mun sami durƙuso iri-iri, har da na soja mai shirin harbi, amma ba mu ga na yaron da ya zo gaida mahaifinsa ba. Sai muka ce to, kowa ya yi da kansa ya sha romo.

Mako biyu muka yi muna kallon mutane. Na zauna a kasuwar Sabon Gari wurin wani abokina mai sayar da yadi, na ga yadda yaron shago ke miƙa wa maigidansa canji da hannun dama, hagu na tallafe da gwiwar hannun. Na ga yadda dattawa biyu ke musafaha, kowa ya mayar da hannu ƙirji, a sake miƙawa, a sake mayarwa, ana ta lafiya lau. Ranar Juma'a muka shiga birni, bakin fadar Zazzau, muka ga masu faɗuwa gaisuwa, da masu jinjina, da yadda fadawa ke amsawa a madadin sarki. A gida kuma na lura da yadda matan ƙannena ke gaida mahaifiyarmu, gwiwa biyu a ƙasa, kai a sunkuye, ana gyara mayafi da hannu ɗaya. Na daɗe ina ganin waɗannan abubuwa, amma ganin mai ƙirga gaɓoɓi daban ne. Sai ga shi abin da muke tarawa a kalma guda ya kasu kashi-kashi: rusunawa daban, tsugunawa daban, durƙusawa daban, gurfana daban, kuma kowanne da wanda ake yi wa shi.

Da ya gama na farko sai ya kai wa Inna, kakarsa, domin duk gidan ba wanda ya kai ta ido. Ta sa gilashinta ta duba, ta ce, "Kai Maigida, wannan ɗan naka faɗuwa ya yi ko tuntuɓe? Wa ya kore shi?" Gaskiyarta, saukar ta yi sauri. Mai ladabi tun daga nesa yake rage tafiya, ya sauka a hankali kamar mai ajiye ƙwarya cike da nono. Yaron ya buɗa tsakanin turakun, saukar ta koma hotuna 48, wato sakan 2. Ya sake kai mata. Ta ce, "To ya iya sauka, amma dubi idonsa tsaye cikin nawa, kamar mai bin bashi." Ya koma ya karkatar da ƙashin wuya da na kai. Karo na uku ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wa ya ce masa ya tashi?"

Wannan tambaya ta Inna ita ce ta warware aikin duka. Yaron ya ƙera gaisuwar ne a dunƙule, sauka da zama da tashi cikin sakan 5, ko an amsa ko ba a amsa ba. Alhali a wurinmu tashin mai gaisuwa ba a hannunsa yake ba. Zai zauna a durƙushe har babba ya gama tambayar mutanen gida da gajiya da karatu, ya sa albarka, ko ya ce tashi mana. Dole aka raba motsin gida 3. Na farko sauka. Na biyu zama, wanda ke ta maimaita kansa, da ɗan numfashi da ɗan gyaɗa kai don kada ya zama gunki. Na uku tashi, wanda ba zai fara ba sai mai inuwar ya danna maɓalli. A Unity ana jera irin wannan kamar ɗakuna da ƙofofi, kowace ƙofa da sharaɗin buɗe ta. Bugu da ƙari sai an umarci na'urar ta saki jikin ta bar wa motsin da aka ƙera, in ba haka ba ta ci gaba da cankarta, jikin ya rasa wanda zai bi. Ashe kwamfuta ma sai da aka koya mata cewa gaisuwa aikin mutum biyu ne.

Babbar riga ita ma ta ba shi wuya. Duk sa'ad da inuwar ta kai ƙasa sai gwiwa ta ɓullo ta cikin rigar, domin zanen tufa bai san akwai ƙafa a ƙarƙashinsa ba. Na ce masa ya dubi mai babbar riga na gaske: kafin ya sauka yakan saɓa hannuwan rigar a kafaɗa, ya tattaro gabanta. Da ya ƙara wannan a farkon saukar, ya sa wa rigar nata 'yan ƙasusuwan, sai matsalar ta ragu, kuma inuwar ta ƙara kama da mutumin da muka sani.

Akwai wani abu da bai kamata in tsallake ba. Cikin samarin akwai wanda ya ce shi ba ya durƙusa wa kowa, ko a fili ko a duniyar gizo, saboda abin da ya karanta wurin malamansa. Wannan saɓani kowa ya san shi a garuruwanmu, ya shiga gidaje da yawa tsakanin 'ya'ya da iyaye, kuma hukuncinsa na malamai ne, ba nawa ba. Yaron namu bai yi gardama da shi ba. Sai ya ƙera masa tasa gaisuwar: tsayuwa da ɗan sunkuyar da kai, hannun dama a ƙirji, ido a ƙasa. Daren da dattijon ya zo ina gefe ina kallo ta allon kwamfuta. Ya yi sallama ya shigo, wasu suka sauka, wancan ya dafa ƙirji. Malamin ya yi shiru kaɗan, sannan ya yi dariya ya ce, "Ikon Allah! Ku tashi, ku tashi, Allah Ya yi muku albarka." Suka tashi.

Kada wani ya ɗauka yau aka fara irin wannan ƙoƙari a ƙasashenmu. Mustafa Alhasan na Nijar, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a 2015, tun yana yaro yake nuna wa mutanen garinsu wasan inuwa da fitila da kwali, daga baya ya zama cikin na farko-farko da suka yi fim ɗin zane mai motsi a Afirka ta Yamma. A fim ɗinsa Bon Voyage Sim na 1966 kwaɗi ya sa suka yi tafiyar shugabanni da faretin sojoji, kowa ya gane da wa ake. A nan Zariya ma, a 1958, ɗaliban zane irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu a kan cewa za su karɓi kayan aikin Bature amma su zana abin gidansu. Abin da yaran nan suka yi a zaurensu jikan wancan ne.

To ina ruwan marubuci da duk wannan? Ruwansa babba ne. Wani masani Bafaranshe, Marcel Mauss, ya gabatar da lacca a 1934 a kan cewa tafiya da zama da iyo duk koyonsu ake yi, kowace al'umma da nata salon. Har ya ba da labarin yadda ya lura 'yan matan Faris sun ɗauki irin tafiyar matan Amurka ta hanyar silima. Mu ma mu dubi littattafanmu da idon basira. Sau nawa tauraronmu ke ɗaga kafaɗa irin ta finafinan Turawa don nuna ko oho, alhali a gidajenmu abin da muka sani shi ne yaro ya maƙe kafaɗa don ya ƙi aike, ko babba ya watsa hannuwa ya taɓe baki? Sau nawa tauraruwarmu ke juya baya ta ruga da gudu tana kuka irin na fim ɗin Indiya? Daga shafin farko zuwa na ƙarshe, murmushi da ajiyar zuciya da wasa da yatsu, su ke nan. Wannan shi ne ɗauko motsi daga rumbun wasu, kamar yadda malalacin mai inuwa zai yi.

Alhali harshenmu cike yake da dukiya. Muna da tagumi da zugum, da riƙe haɓa don mamaki, da cizon yatsa don nadama. Muna da harara da tsaki da zunɗe da murguɗa baki. A tafiya muna da taƙama da rangwaɗa da yanga da sanɗa da ɗingishi da tangaɗi. A zama muna da harɗe ƙafa da miƙe ta da kishingiɗa da ɗosana ɗuwawu a bakin kujera irin na baƙon da bai saki jiki ba. Kowace ɗaya cikin waɗannan labari ce. Idan ka rubuta cewa saurayi ya shiga wurin surukinsa da takalmi, ko amarya ta miƙa wa uwar miji ruwa a tsaye da hannun hagu, ka huta da shafi biyu na bayanin halinsu. Idan ka nuna ɗa ya dawo daga makaranta ya gaida mahaifinsa a tsaye, uban ya ɗago ya dube shi bai ce komai ba, ka buɗe rikicin gida guda ba tare da ka yi wa kowa wa'azi ba.

Darasin turke ma namu ne. Mai ƙera motsi ba ya zana hotuna 48, wurare kaɗan yake kafawa, sauran a cike masa. Haka mai karatu yake, shi ne ke cike tsakani, kuma ya fi kwamfuta iyawa. Kada ka lissafa masa kowace gaɓa har ya gaji. Zaɓi biyu ko uku da suka fi faɗin gaskiyar mutumin, inda ya tuɓe takalmi, inda ya ajiye idonsa, da wanda ya ba shi izinin tashi. Sannan ka tuna da tambayar Inna: duk motsin da ɗan wasanka ya yi, akwai wanda yake yi wa, kuma amsar wancan rabin labarin ce.

Daga ƙarshe ina da shawara ga 'yan uwa, musamman masu tasowa. Kowa ya sami ɗan littafin aljihu, ya ware awa ɗaya a mako ya zauna a tasha ko bakin kasuwa ko gidan suna, ya rubuta abin da jikin mutane ke yi kawai, ban da abin da bakinsu ke faɗa. Ya tambayi tsofaffin gidansu sunan kowane motsi, domin akwai kalmomin da in ba a tambaya yanzu ba, za su bi masu su kabari. Idan muka zo taronmu na gaba kowa ya kawo goma, a karanta, a gyara, a ga inda Zazzaganci ya bambanta da Kananci da Katsinanci da Sakkwatanci. Sannu a hankali sai mu tara abin da marubuci zai amfana da shi, mai wasan kwaikwayo ya amfana, yaran nan masu ƙera inuwa su ma su sami inda za su ɗebo. Su sun riga sun fara nasu, kuma da wuya su jira mu. Allah Ya ƙara mana basira, Ya sa alƙalumanmu su amfani na baya, amin.